Baƙuwar ƙara a injin sabuwar a-kori-kura mai dizal: wadda za a ƙyale da wadda za a tsaya a kanta

Tambaya: Na sayi sabuwar mota a-kori-kura mai injin dizal, silinda huɗu da turbo, kuma ba ta kai kilomita 10,000 ba tukuna. Ƙara iri uku ce take damuna. Idan na tayar da ita da safe injin yana ƙwanƙwasa sosai, sai ya ɗauki zafi sannan ya lafa. Bayan sabis na farko kuma na fara jin wani ƙyas-ƙyas marar tsari idan motar tana tsaye injin yana aiki. Sannan idan na kashe ta nakan ji gunji da ƙananan motsi a ƙarƙashin bonet na ɗan lokaci. Na mayar da ita wurin dillalin, sun ce haka motar take. Shin in yarda da su?

Amsa: Malam, bisa ga yadda ka siffanta su, waɗannan ƙararraki uku sun fi kama da ɗabi'ar injin dizal na zamani fiye da alamar lalacewa, kuma akwai yiwuwar dillalin gaskiya ya faɗa maka. Duk da haka, ba zan ba ka shawarar ka karɓi "haka motar take" da fatar baki ka tafi gida ba, domin motar tana cikin garanti, kuma akwai hanyoyin tabbatar da maganar tasu waɗanda ba su buƙatar a kwance ko noti ɗaya. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, ƙarfin ƙara ba ya nuna girman haɗari. Injin dizal mai cikakkiyar lafiya yana iya cika kunne da hayaniya, wanda kuma ke dab da yin nokin yana iya fara gargaɗinsa da ƙara ƙasa-ƙasa wadda sai an kasa kunne ake ji. Abin da ake dubawa shi ne halin ƙarar: a wane lokaci take zuwa, ko tana bin juyin inji, ko zafi yana rage ta ko yana ƙara ta, yadda take yi idan an ɗora wa motar nauyi, da kuma abin da ke rakiyarta na hayaƙi, girgiza, raguwar ƙarfi ko wutar gargaɗi.

Ƙwanƙwasar safiya ta samo asali ne daga yadda dizal yake kamawa. Injin fetur yana da fulogi mai kyasta wuta, amma na dizal ba shi da shi. Fistan ne yake matse iska har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 15 zuwa 17 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Sai dai ba nan take yake kamawa ba. Akwai ɗan jinkiri tsakanin fara feshi da tashin wuta, kuma duk man da ya taru a cikin wannan jinkiri yana kamawa ne gaba ɗaya, matsi ya yi tsalle a cikin silinda, ya doki kan fistan. Wannan dukan shi ne ƙarar da aka san dizal da ita. Da safe bangon silinda yana da sanyi, yana zuƙe zafin iskar da aka matse, saboda haka jinkirin yana tsawaita, man da ke taruwa yana yawa, dukan kuma yana ƙara ƙarfi. Ga shi kuma a yawancin waɗannan injuna fistan na alminiyam ne, wanda ya fi ƙarfen jikin inji buɗewa idan ya ji zafi, don haka da gangan ake barin masa ɗan sarari yana sanyi, ya riƙa ɗan kaɗawa har sai ya cika gurbinsa. Idan ƙarar tana fitowa daidai wa daida daga dukkan silindoji, tana raguwa sannu a hankali yayin da allurar zafi ke tashi, kuma babu farin hayaƙi mai daɗewa ko girgiza, to wannan ba ciwo ba ne.

Inda nake fara sa ido shi ne idan ƙwanƙwasar ta ƙi lafawa bayan injin ya yi zafi, ko kuma ta fi fitowa a lokacin da aka ɗan taɓa totur kaɗan a ƙaramin gudu. Injunan yanzu suna amfani da tsarin bututun mai guda ɗaya da ke ciyar da dukkan nozuloli, tsarin da ya shiga ƙananan motoci a shekarar 1997 da Alfa Romeo 156, kuma matsin man da ke cikin bututun yana kaiwa 2,000 ko fiye a ma'aunin matsi da ake kira bar. Abin da ya sa suka fi injunan da shiru shi ne, kafin babban feshi kwamfutar motar tana sa nozul ya saki ɗan ɗigon mai, wanda bai wuce milimita kubik ɗaya ko biyu ba, don wuta ta fara ci a hankali kafin sauran man ya iso. Ɗigon ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ta yadda ƙaramin kuskure a nozul ɗaya ya isa ya sa ya ɓace ko ya yi yawa, silindar ta koma ƙwanƙwasa irin ta tsohon inji. Saboda haka ne kowane nozul yake zuwa da lambarsa daga masana'anta, wadda ake shigar wa kwamfutar motar don ta san halinsa, kuma kwamfutar tana ci gaba da gyara lissafinta yayin da ake tuƙi. Sau da yawa maganin irin wannan ƙara a sabuwar mota bai wuce a sake koya wa kwamfutar ma'aunin feshin ba, ko a sabunta manhajarta, ko a canja nozul guda a ƙarƙashin garanti.

Shi kansa man yana da hannu. Ana auna saurin kamawar dizal da lambar sitan, kuma duk yadda lambar ta yi ƙasa haka jinkirin yake tsawaita. Ƙa'idar Turai ta EN 590 ba ta yarda da ƙasa da 51 ba, ta Amurka kuma ta tsaya a 40, wanda ke nuna cewa inji ɗaya yana iya canja murya daga wannan mai zuwa wancan ba tare da komai ya lalace a cikinsa ba. Idan ka lura ƙarar ta ƙaru jim kaɗan bayan ka sha mai, ka ajiye rasidin, ka bari tankin ya yi ƙasa, ka sha a wani wuri dabam ka saurara. Amma idan tare da ƙarar injin ya rasa ƙarfi, yana cijewa, ko ka ji warin fetur ko kananzir a bakin tanki, kada ka yi wannan gwaji da injin yana aiki. A zuƙe man a zubar, domin dizal shi ne ke shafa wa famfon mai da nozuloli santsi, kuma gauraye da fetur yana cinye su cikin ɗan lokaci.

Kafin in zo kan ƙara ta biyu, ga wani lissafi da zai taimaki kunnenka. Idan injin yana sulo a juyi 750 cikin minti ɗaya, karanshaf, wato babban shaf ɗin da fistoci ke juyawa, yana juyawa sau 12 da rabi ke nan a kowace daƙiƙa. Kowace silinda tana ƙona mai sau ɗaya ne a juyi biyu, kamshaf, wanda ke buɗe bawuloli, shi ma rabin gudun karanshaf yake yi, don haka ƙarar da ke fitowa daga nozul ɗaya ko bawul ɗaya za ta riƙa maimaituwa kusan sau 6 a daƙiƙa, a jere, ba tsallake. Ƙarar dukkan silindoji huɗu kuwa sau 25 ce a daƙiƙa, kunne ba ya iya rarrabe ta, sai dai ya ji ta a haɗe. Lalacewar abin da ke juyawa tare da inji yawanci ƙara mai tsari take yi. Idan ka ƙara totur saurinta zai ƙaru daidai gwargwado, idan ka saki ya ragu. Wannan kaɗai yana raba ƙararraki gida biyu, kuma gidan da ya fi ba makanike tsoro shi ne na masu tsari.

Ƙyas-ƙyas ɗin da ka ce ba shi da tsari, wanda ya fara bayan canjin baƙin mai, sananne ne a wasu injunan dizal, har masu motoci a Amurka suna kiransa ƙarar tafireta saboda yadda yake zuwa a warwatse, biyu a jere, shiru, sannan ɗaya. Kamfanin Ford ya fitar wa dillalansa takardar bayani a kansa dangane da injin Power Stroke mai lita 6.7 wanda ya fara fitowa a motocin shekarar 2011, General Motors ma ya yi haka a kan injin Duramax, kuma dukansu sun ce ba ya rage wa injin lafiya ko tsawon rai. An danganta shi da yadda siririyar shimfiɗar baƙin mai ke aiki tsakanin karanshaf da metal ɗinsa, wato mazaunin ƙarfe da yake juyawa a cikinsa. Alamominsa su ne ya fi fitowa idan injin ya yi zafi, a sulo ko ɗan sama da haka, an fi jin sa daga gefen tayar gaba ko idan an tsaya kusa da bango, yana tsananta bayan an zuba sabon mai, ya kuma ragu yayin da man ke tsufa. Siffar da ka bayar ta yi daidai da wannan. Sai dai ƙa'idata ita ce, duk ƙarar da ta biyo bayan hannun mutum, aikin hannun ake fara tuhuma kafin a ɗora wa ɗabi'ar inji. Ka tsayar da motar a wuri madaidaici, ka jira mintuna kaɗan bayan kashewa, ka zaro sandar awon mai ka tabbatar yana tsakanin alamomi biyu, bai gaza ba kuma bai wuce ba. Ka duba takardar sabis ka ga ko nau'in man da aka rubuta shi ne wanda littafin motar ya ce, domin injin da ke da matatar hayaƙi yana buƙatar mai marar yawan toka. Sannan a leƙa ƙasa a ga ko an ɗaure farantin kariya da murfin saman inji yadda ya kamata, saboda noti guda da aka bari sako-sako yana yin irin wannan ƙara sak.

Ƙara ta uku ita ce mafi sauƙin bayani. Kashe makulli ba ya kashe kwamfutar nan take. Tana rufe ƙofar iska don injin ya tsaya ba tare da jijjiga ba, tana buɗewa tana rufe bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, don ya kakkaɓe gawayin da ya manne masa, a wasu motocin kuma tana gwada motsin fikafikan turbo. Idan motarka tana shan AdBlue, wato ruwan da ake fesawa a salansa don tsabtace hayaƙi, famfonsa yana juyawa da baya ya janye ruwan daga tiyo zuwa tanki, domin ruwan yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifiri, kuma zafin salansa yana busar da shi ya toshe bakin feshi. Gunjin da kake ji ke nan. Ƙananan ƙas-ƙas da ke biyo baya kuma ƙarfen salansa ne yake tsukewa yayin da yake hucewa.

A nan ya kamata in tsaya a kan matatar hayaƙi, wato DPF, domin ita ce ke jawo yawancin koke-koken masu sabuwar dizal, kuma tana da wani ɓangare da ke iya zama matsala ta gaske. Matatar tana tare baƙin gawayi, idan ya taru sai kwamfutar ta ƙara fesa mai a makare don zafin hayaƙi ya kai kimanin digiri 600 ya ƙone shi. A lokacin da ake wannan ƙonawa muryar injin tana canjawa, sulo yana ɗan tashi, fanka tana ruri, akan ji warin zafi, kuma idan ka kashe motar a tsakiyar aikin fankar tana iya ci gaba da juyawa na wasu mintuna. Duk wannan daidai ne. Matsalar tana ga wanda tafiye-tafiyensa gajeru ne, yana kashe motar kullum kafin ƙonawar ta kammala. A injunan da ke fesa wannan ƙarin man ta cikin silinda, wani kaso nasa yana zurarewa ta gefen fistan ya gauraya da baƙin mai, man ya tsinke, ya kasa riƙe metal, sannan ƙarar da ba ta wasa ba ta fara. Don haka idan ka ga baƙin mai yana ƙaruwa a sandar awo maimakon ya ragu, ko yana warin dizal, wannan ya fi duk ƙararrakin da ka lissafa muhimmanci, kuma a ranar ya kamata dillalin ya gani. Idan ka gane motar tana cikin ƙonawa, ka ci gaba da tafiya a buɗaɗɗiyar hanya har ta gama.

Akwai kuma ƙararrakin da ake ɗora wa inji alhali ba nasa ba ne, kuma gwajinsu ba ya ɗaukar lokaci. Fankar lagireto mai kuloci tana ruri a farkon tayarwa sannan ta saki. Farantin da ke kare zafin salansa yana kacar-kacar a wani takamaiman juyi kawai. Idan motar mai giyar hannu ce kuma ƙarar ta ɓace da ka taka kuloci, to neman ya koma wajen fulawil ko giya. Idan ta ɓace da ka kashe na'urar sanyaya mota, bel da fulolinsa za a duba. Ƙarar da ke bin gudun mota, ba juyin inji ba, wadda ba ta fitowa idan mota tana tsaye ana ba ta wuta, tana wajen taya, boris ko shaf.

Turbo yana da siririn fito wanda ke tashi tare da totur, kuma abin da ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ba zai rasa murya ba. Amma idan fiton ya rikiɗe ya koma kamar jiniya, ko aka ji gugar ƙarfe, fikafikansa sun fara taɓa gidansu. Huci mai ƙarfi da ke fitowa sai an ɗora nauyi, tare da raguwar ƙarfi, yawanci tiyon iska ne tsakanin turbo da inji ya sassauta ko ya tsage, kuma a sabuwar mota sau da yawa maɗauri ne ba a matse shi sosai ba. Fuf-fuf mai tsari daga saman inji, tare da warin hayaƙi a cikin mota da baƙin abu mai danƙo a gindin nozul, washar tagulla ce da ke ƙarƙashin nozul ɗin ta fara yoyo. Ba ta tsayar da mota a ranar, amma idan aka bar ta tana cin mazaunin nozul, a wasu injunan kuma gawayin yana shiga baƙin mai ya toshe rariyar famfon baƙin man.

Wadda ba a jinkiri a kanta ita ce ƙwanƙwasa mai nauyi, ƙasa-ƙasa, daga cikin cikin inji, mai tsari, wadda ke ƙaruwa idan mai ya yi zafi ya tsinke kuma take tsananta idan an taka totur ko ana hawan tudu. Wannan muryar metal ce ta konrod, wato sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, ko ta karanshaf ɗin kansa. Idan ta zo, ko jar wutar matsin baƙin mai ta kama ko da ƙyaftawa ce a sulo, ka gangara gefe ka kashe injin, a jawo motar, kada ka ce bari in lallaɓa in isa. Haka nan idan ƙwanƙwasa ta fara bayan ka ratsa ruwa mai zurfi, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma kaɗan daga cikinsa a cikin silinda ya isa ya lanƙwasa konrod. Famfon matsin dizal ma yana cikin wannan sahu. Idan ya fara cin kansa yana watsa garin ƙarfe cikin bututu da nozuloli har zuwa tanki, kuma sabuntar mota ba ta hana haka: a shekarar 2021 an janye manyan a-kori-kura na Ram sama da 200,000, ƙirar 2019 da 2020 masu injin Cummins, saboda irin wannan famfo. Alamarsa ita ce sabuwar ƙara daga gefen famfon tare da wahalar tashi, mutuwar inji a kan hanya, ko wutar gargaɗi. Ruwa a cikin mai babban abokin gabarsa ne, don haka idan wutar matatar ruwa ta kama a tsiyaye ta ba tare da ɓata lokaci ba.

Game da dillalin, ga yadda nake ganin ya dace ka bi da su. Ka ɗauki ƙarar da wayarka a bidiyo, ka fara da nuna dashbod don a ga kilomita, juyin inji da allurar zafi, sannan ka zagaya da wayar zuwa inda ƙarar ta fi fitowa, domin ƙara tana da halin ɓuya a ranar da aka kai mota gareji. Ka bar musu motar ta kwana, ka dawo da safe a tayar da ita a gabanka. Ka nemi a tayar da wata irinta, mai inji iri ɗaya da kilomita makamanciya, a gefenta. Idan maganarsu gaskiya ce wannan gwaji zai tabbatar da ita cikin minti biyu, kuma dillalin da ya amince da abin da ya faɗa ba shi da dalilin ƙin yi. Ka nemi su sa kwamfutar bincike su nuna maka adadin gyaran da injin ke yi wa kowane nozul, da matsin mai da ake nema da wanda ake samu a bututu, da yawan gawayin da ke cikin matatar hayaƙi, su kuma duba ko masana'anta ta fitar da takardar bayani ko sabuwar manhaja a kan wannan inji. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, a sabis na gaba ka sa a yanka tsohuwar filtar baƙin mai a duba ko akwai ƙyallin ƙarfe a cikinta, ko a ɗebi samfurin man a kai ɗakin gwaji. Mafi muhimmanci, duk zuwan da ka yi a rubuta kokenka a takardar aiki da kwanan wata da kilomita, a rubuta abin da suka gano, a ba ka kwafi, ko da abin da suka rubuta bai wuce "babu matsala" ba. Wannan takarda ita ce hujjarka idan abin ya girma dab da ƙarewar garanti ko jim kaɗan bayansa, kuma da ita za ka rubuta wa wakilin kamfanin idan dillalin ya ƙi motsi.

A wannan tsakani kada ka zuba mai mai kauri ko wani sinadari don ka rufe bakin ƙarar, kada ka bari a cire DPF ko a toshe EGR ko a taɓa manhajar inji a waje, domin kowanne daga cikinsu ya isa a ƙi biyan garanti. Kada kuma ka yarda wani ya sassauta bututun nozul injin yana aiki don gano silindar da ke ƙara, kamar yadda ake yi wa tsofaffin injuna. A matsin bar 2,000 feshin mai yana huda fata ya shiga nama, kuma raunin yana buƙatar tiyata cikin gaggawa ko da a ido bai wuce ɗigon allura ba. A injin zamani da kwamfuta ake kashe silinda ɗaya bayan ɗaya.

Idan baƙin mai yana daidai a awo, motar da aka kwatanta da taka tana yin irin ƙararta, kuma alƙaluman nozuloli suna cikin iyakar da masana'anta ta gindaya, ka ci gaba da tuƙinka. Ka sake ɗaukar bidiyon a wuri ɗaya da yanayi ɗaya bayan wasu dubban kilomita ka saurari biyun a jere. Idan ƙwanƙwasar safiya ta fara daɗewa fiye da da, ko ƙyas-ƙyas ɗin ya koma mai tsari yana bin totur, ka mayar da motar da bidiyon biyu da takardar aikin farko, ka nemi a auna matsin baƙin mai da geji na hannu injin yana da zafi.